Sha Ka Fashe: Abin da Ƙwayar Ƙiba Ke Taɓawa a Jikin Mutum

Duk wanda ya saba zama a bencin kemis a Darmanawa ko Gyadi-Gyadi bayan Magariba ya san buƙatu biyu da ke haɗuwa a kanta ɗaya. Budurwar da aka sa wa ranar biki takan turo ƙanenta da 'yar takarda a naɗe, a sayo mata abin da zai sa ta ciko kafin ranar kamu, kada dangin miji su ce an kawo musu amarya a bushe. Kafin yaron ya karɓi canji, sai ga magidanci ya shigo yana haki, riga ta ɗame masa a ciki, yana neman shayin rage teɓa domin likita ya ce sugansa ya hau. Mai kemis zai sallami kowa da abin da ya nema. Su biyun zatonsu ɗaya ne, cewa nauyin jiki abu ne da mutum zai juya yadda ya ga dama muddin ya dace da ƙwayar da ta dace.

Binciken shekara 30 da suka wuce ya karya wannan zato. Kitsen jikin mutum yana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma tana da abin karɓar saƙon, wanda za a iya kira makarɓi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne makarɓin ba siffa ɗaya gare shi ba. Daga ƙwayar gado guda jiki yakan ƙera shi dogo ko gajere, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya raba yaron da ke ƙoshi ya ture kwano da wanda zai kwana yana kukan yunwa alhali cikinsa a cike yake.

Da ɓeraye aka fara gane haka. A 1949, a ɗakin bincike na Jackson da ke jihar Maine a Amurka, an ga wasu ɓeraye da ba sa daina ci, suna ninka 'yan'uwansu nauyi har sau uku. A 1966 aka sake samun wani iri mai irin wannan ƙiba, ga kuma ciwon suga, aka laƙaba masa suna db. Wani masani mai suna Douglas Coleman ya yi gwajin da har yau ake koyar da shi: ya ɗinke jikin ɓera mai ƙiba da na lafiyayye ta yadda jininsu zai riƙa gauraya. Da ya haɗa db da lafiyayyen ɓera, sai lafiyayyen ya ƙaurace wa abinci har yunwa ta kashe shi, shi kuwa db ya ci gaba da cinsa. Coleman ya fahimci cewa jinin db cike yake da wani sinadari mai cewa a daina ci, har ya yi wa lafiyayyen yawa, amma mai shi ba ya jin kiran. Mutane da yawa ba su yarda da shi ba a lokacin. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano sinadarin, aka sa masa suna leftin, kuma kitse ne ke samar da shi. A 2013 mutanen biyu suka raba lambar yabo ta Sarki Faisal ta Saudiyya a fannin likitanci.

To me ya kurmantar da ɓeran db? Amsar tana cikin yadda jiki ke karanta ƙwayoyin gado. Kanawa sun riga sun san wani abu game da wannan ta dalilin sikila, inda sauyin harafi ɗaya tak a rubutun DNA ke raba mai AA da mai SS. Sai dai akwai wani mataki da ba a cika ambata ba. Idan jiki zai yi amfani da ƙwayar gado, yakan fara kwafo ta zuwa wani rubutu na wucin gadi da ake kira RNA. Kwafin nan a haɗe yake da tarkace: akwai gaɓoɓi masu ma'ana da ake kira ekson, a tsakaninsu kuma akwai dogayen gaɓoɓin da dole a cire, wato intron. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano hakan a 1977, suka sami kyautar Nobel a 1993.

Wanda ya taɓa leƙa ɗakin tace fim a Zoo Road zai gane aikin nan take. An dawo daga lokeshan da ɗauka ta awa da awanni, mai tacewa ya zauna yana yankewa yana haɗawa, kuma daga ɗauka ɗaya zai iya fitar da cikakken fim, ya fitar da gajeren tallansa, ya fitar da wanda aka cire wa fitowa biyu don gidan talabijin. In hannunsa ya goce ya yanke ƙarshen labarin, 'yan wasa ba su yi laifin komai ba, amma fim ya lalace. Haka jiki ke yi da RNA. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu ƙera furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, amma binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na masu ekson fiye da ɗaya ana yanka su a haɗa ta hanya fiye da ɗaya. Hanta ta zaɓi nata haɗin, ƙwaƙwalwa ta zaɓi nata.

Makarɓin leftin misali ne da ya fito fili. A jikin ɓera an ƙidaya siffofinsa shida daga ƙwayar gado ɗaya. Dukkansu suna iya cafke leftin, amma guda ɗaya kawai ke da doguwar jela mai tubalin furotin kusan 300 da ke shiga can ciki ta isar da cikakken saƙo, kuma ita ce ta fi yawa a haifotalamus, ɗan sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da yunwa da ƙoshi. Gajerar siffar jelarta tubali talatin da 'yan kai ne. A 1996 rukunin masana biyu suka gano cewa a ɓeran db harafi ɗaya ne ya sauya, ya buɗe wurin yanka na ƙarya, sai aka cusa haruffa 106 inda bai kamata ba. Sakamakon haka duk lokacin da jiki ya tashi ƙera dogon makarɓi, gajere yake fitowa. Leftin na nan jingim, makarɓi na cafke shi, saƙo ba ya wucewa. A wurin ƙwaƙwalwar wannan ɓera, fari ake yi, komai yawan kitsen da ya tara.

Ba a daɗe ba aka ga irin wannan a jikin mutane. A 1998 Karine Clément da abokan aikinta a Faransa suka ba da rahoton wasu 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, 'yan asalin ƙabilar Kabil ta Aljeriya, waɗanda iyayensu auren zumunci suka yi. Sauyin harafi ɗaya a bakin ekson na 16 ya sa ake tsallake shi wajen haɗi, makarɓin ya fito guntu, ba shi ma da abin da zai maƙale a inda ya kamata. Tun suna jarirai suka fara ƙiba mai tsanani, kuma ba su balaga a kan lokaci ba, domin jikin da ke zaton yunwa ake yi ba ya yarda ya shiga hidimar haihuwa. Shekara guda kafin nan, a Kambirij ta Ingila, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi sun gamu da yara biyu 'yan dangi ɗaya 'yan asalin Pakistan da jikinsu ba ya samar da leftin ɗin kwata-kwata: yarinya mai shekara 8 da kilo 86, da yaro mai shekara 2 da kilo 29. Da aka fara yi wa yarinyar allurar leftin, cin ya lafa, nauyi ya fara sauka.

Wannan batu na auren zumunci bai kamata mai karatu a Kano ya wuce shi da sauri ba. Irin waɗannan larurori sai yaro ya gaji illar daga uwa da uba duka suke bayyana, kamar dai sikila, saboda haka sun fi fitowa inda 'yan'uwa ke auren juna. A Pakistan, wani bincike na 2015 a kan yara masu matsananciyar ƙiba daga irin waɗannan gidaje ya gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 matsalarsu daga ƙwayoyin gado uku take: ta leftin, ta makarɓinsa, da wata mai suna MC4R. Auren ɗan wa da 'yar ƙane tsohuwar al'ada ce a gidajen Hausawa da Fulani, kuma tana da alherinta da kowa ya sani. Amma idan aka ga yaro ɗan shekara uku a lungun Darmanawa wanda ya fi sa'o'insa nauyi ninki biyu, yana wawurar na hannun yayyensa, yana kuka da zarar an ɗauke kwano, abin da ake yi yanzu shi ne a kira shi ɗan lukuti a yi dariya, ko kaka ta ce wa uwar, "Ke kika sangarta shi." Mai yiwuwa ba sangarta ba ce. Yaro irin wannan likitan yara ya kamata ya gani, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan titin Zariya, maƙwabcin unguwar.

Adalci ne a faɗi iyakar wannan bayani. Masu irin wannan illa ta gado 'yan kaɗan ne ƙwarai. Ko a cikin mutum 300 da aka tsamo saboda ƙibarsu ta yi tsanani tun suna ƙanana, binciken Kambirij na 2007 ya sami takwas ne kacal masu lalataccen makarɓin leftin. Tumbin yawancin magidantan Tarauni ba daga nan yake ba. Daga lemon kwalba yake, da farar shinkafa da taliya safe da dare, da shayi mai cokali huɗu na suga, da Adaidaita Sahu da ke ɗaukar mutum daga ƙofar gida zuwa ƙofar shago. Kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 a 1995 don mallakar leftin, yana hangen maganin ƙiba na duniya, amma gwajin 1999 bai ba da abin da aka sa rai ba, domin mafi yawan masu ƙiba leftin ɗinsu ya riga ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ce ta rage jinsa. Darasin da ɓeran db ya bayar ya fi wannan faɗi: yunwa da ƙoshi aikin sinadarai ne da makarɓansu, kuma duk abin da ya taɓa makarɓan zai taɓa nauyi.

Nan ne maganar sha ka fashe ta shigo. Abin da ake sayarwa da wannan suna, ko ƙwaya ko ruwa, galibi ɗayan biyu ne ko haɗinsu: saifuroheftadin da deksametazon. Na farkon maganin ƙaiƙayi da borin jini ne. Yana buɗe ciki ne saboda yana toshe makarɓan histamin da na serotonin a ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai shansa ke yini cikin barci da kasala. Cikin makarɓan da yake toshewa akwai 5-HT2C, wanda ɓerayen da aka cire musu shi a gwajin 1995 suka dinga ci har suka yi ƙiba. Shi ma wannan makarɓi siffa biyu ake haɗa shi, cikakke mai aiki da guntu marar aiki. A 2006 Shivendra Kishore da Stefan Stamm suka nuna cewa wani ɗan ƙaramin RNA ne ke taimakawa a zaɓi cikakken, kuma yana cikin abubuwan da ke ɓacewa a jikin yawancin masu larurar Prader-Willi, yaran da sai an sa wa ɗakin girki kwaɗo saboda yunwarsu ba ta yankewa. Wato yarinyar da ke kurɓar wannan ruwa da daddare tana danne wa kanta, da kuɗinta, hanyar da ake zaton ta raunana a jikin waɗancan yara tun haihuwa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2023 a kan Apetamin, wani ruwan magani mai ɗauke da wannan sinadari, saboda illarsa ga hanta da sauran gaɓoɓi.

Deksametazon ya fi muni. Kwaikwayon kotizol ne, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin wahala, amma ya fi shi ƙarfi kusan sau 25. Magani ne mai daraja a hannun likita, ya ceci rayuka da yawa lokacin korona. A hannun mai neman ƙiba kuwa, abin da yake bayarwa ana gane shi daga nesa: fuska ta kumbura ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, fatar ciki da cinya ta tsattsage da jajayen layuka. A ɓoye kuma suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, garkuwar jiki na faɗuwa. Ƙawaye za su ce, "Kai, amarya, kin yi ɓul-ɓul!" alhali abin da suke gani illar maganin ce. Makarɓin da wannan magani ke kamawa shi ma ƙwayar gado ɗaya ce ke haifar da siffofinsa, alfa mai tubali 777 da ke karɓar saƙo, da beta mai 742 da ba ya karɓa, yana ma iya tare wa ɗan'uwansa hanya. An sami beta da yawa a jikin wasu masu asma da irin wannan magani ba ya yi musu aiki. Mai kemis ba shi da hanyar sanin yadda jikin wadda ke gabansa zai amsa, ita ma ba ta da ita. Wadda kuma ta riga ta yi makonni tana sha, kada ta yanke rana ɗaya, domin jikinta ya rage samar da nasa kotizol ɗin, yankewar gaggawa na iya kai ta ga suma ko abin da ya fi haka. Likita ne zai rage mata a hankali. Haka ma wasu mayukan bilicin suna ɗauke da dangin wannan magani, suna ratsa fata su shiga jini.

Ba a ɗora wa 'yan matan laifin duka. Al'ummar da ke fassara rama da cewa miji ba ya ciyarwa, ko a fara raɗe-raɗin wata cuta, ita ce ta tura su kemis. Kuma akwai dalilin da ya sa ƙiba ta zama ado a ƙasar da ta san yunwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mata 28 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Najeriya sun haura nauyin da ya dace, 12 cikin 100 kuma ramammu ne, yayin da fiye da rabin ƙananan yaran Arewa maso Yamma suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki.

Abin damuwar shi ne matsalolin biyu suna haifar da juna. Ban da yanka da haɗi, jiki yana da hanyar ƙara ko rage yawan karanta wata ƙwayar gado, ta hanyar liƙa mata wasu 'yan alamomi, kuma abincin uwa na shafar hakan. A Keneba ta ƙasar Gambiya, masu bincike sun ga cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, alamomin da ke kan wasu ƙwayoyin gadonsu sun bambanta da na waɗanda aka ɗauki cikinsu da rani, har da POMC, wadda ita ce ke karɓar saƙo daga leftin ta miƙa gaba. A Inugu kuma, wani bincike na 2010 a kan manya 1,339 ya gano cewa waɗanda yunwar yaƙin Biyafara ta same su suna ciki ko suna goye sun fi sauran hawan jini da hauhawar suga da ƙiba bayan shekara 40. Yaron da ya tsumbure a ƙauye yau, idan ya shigo birni ya tarar da lemo da taliya, yana cikin waɗanda za su cika layin masu suga nan gaba.

Tambayar da ta rage ita ce wa ya duba yadda wannan yanka da haɗi ke gudana a jikin Bahaushe. Babban rumbun bayanan da masanan duniya ke dogaro da shi kan wannan fanni, GTEx, kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka ɗauki samfurinsu 'yan asalin Turai ne. Shirin karanta DNA na mutum dubu na duniya ya ɗauki Yarabawan Ibadan da 'yan ƙabilar Esan daga Najeriya, babu Hausawa a ciki. Wani bincike na 2013 da ya kwatanta Yarabawa da Turawa ya nuna cewa bambancin yadda ake haɗa RNA tsakanin al'ummomi abu ne na gaske. Idan haka ne tsakanin Ibadan da Turai, ba daidai ba ne a ɗauka cewa sakamakon Ibadan ya wadatar da Kano, garin da jinin Hausa da Fulani da Barebari da Buzaye da Larabawa ya daɗe yana cakuɗuwa. Kuma ilimin nan ya fara zama magani. A 2016 aka amince da nusinasen, allurar da ke gyara kuskuren haɗin RNA a wata cutar shanyewar tsoka ta jarirai. A 2020 aka amince da setmelanotayid, wanda ke tsallake lalataccen makarɓin leftin ya isar da saƙon ƙoshi ta gaba. Tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, amma ko farashi ya sauko, ba za a ba yaron da ba a taɓa gwadawa ba.

Kano ba baƙuwa ba ce a irin wannan aiki. Likitocin Asibitin Malam da na Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gudanar da gwaje-gwajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, duniya kuma ta karɓi sakamakon. A 2024 jihar ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure da ta haɗa da gwajin sikila, saboda haka maganar gado a cikin jini ta riga ta shiga zauren ɗaurin aure. Sai dai garin bai manta da 1996 ba, lokacin da Pfizer ya gwada Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, abin da ya ƙare a kotu da biyan diyya. Duk wanda zai ɗebi jinin yaron Darmanawa don karanta gadonsa, wajibi ne ya zauna da iyaye ya yi musu bayani da Hausa, ya faɗa musu inda jinin zai je da wanda zai riƙe sakamakon, ya kuma dawo musu da abin da aka gani.

Matakin farko ba ya buƙatar na'urar biliyoyin naira. Rajista ce ta yaran da ƙibarsu ta fara kafin shekara biyar, a rubuta nauyi da tsawo da dangantakar iyaye, sai kuma a riƙa tambayar duk matashiyar da ta zo asibiti da suga ko hawan jini ko ta taɓa shan maganin ƙiba. Bayan haka sai adana samfuri. RNA ba ya jure zafi, yana lalacewa da wuri idan ba a sa shi a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri ba, kuma firizar na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa dare da rana. Kuɗin wannan wuta da albashin wanda zai kula da ita ne ya kamata Jami'ar Bayero da ma'aikatar lafiya ta jiha su fara sakawa a kasafinsu.